Yadda Na Yi wa Kaska Kiwo

Lokacin da nake bincike kan kaska a Samaru, ban ga wanda ya isa ya ja da ni ba. Na karanta cewa jinin da take sha guba ne gare ta, domin sinadarin ƙarfen da ke cikinsa yana ƙona mata ciki. Ban tsaya na karanta inda aka ce jikinta yana kashe wannan gubar ba.

Da na je ƙauyen Bomo, na tarar kaska ta lulluɓe ɗaya daga shanun huɗar Kawu.

"Kawu, kada a yi masa feshi," na ce. "Allurar ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe zan yi masa, su sha su ƙone."

"Ka tabbata, ɗan nan?"

Na gyara zaman tabarau, na ce ai ilimi ne.

Kaska ta yi ɓulɓul. San ya fara fitsarin jini, ya kwanta, aka yanka shi ana gab da huɗa. Da garmar hannu Kawu ya yi noman shekarar, da tsufansa.

Har yau in na shiga Bomo sai na ji ana cewa, "Ku ɓoye awaki, ga Likitan Kaska nan."