Tsagar Ƙasar Dangoma

Na dawo daga kwas ɗin safiyo ina jin kaina ƙwarai. A can aka nuna mana hotunan tauraron ɗan Adam, yadda girgizar ƙasa ke barin dogon tabo a bayan ƙasa. Da hoton yankinmu ya iso ofis a Kalgo, sai ga farin layi ya ratsa gonakin Dangoma ya nufi Gwandu. Tsoro bai kama ni ba, daɗi ma na ji.

Na zuba babbar riga, sai gidan mai garin Dangoma. "Ranka ya daɗe, ƙasa ta tsage. A kwashe rumbunan gabas." Mutum uku har sun fara sauke gero.

Muka ɗunguma da mai gari zuwa gonakin, ina gaba da hoto a hannu. A daidai wurin muka iske wani tsohon Bafulatani yana kiwo. Na nuna masa layin, ya daɗe yana duban hoton.

"Malam, wanga ai burtali na. Tun zamanin kakana shanunmu ke bin shi."

Mai gari ya yi dariya har rawaninsa ya kwance.

Har yau, in garke ya ratso ina zaune, sai wani ya ɗaga murya: "Malam, riƙe hularka, ga girgizarka nan tafe!"