Rasuwar Ɗan Ja, Janaretan Habibullahi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, kai kuma a sunkuye, Habibullahi mai gidan kallo na Dogon Dawa yake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar janaretansa, wanda aka fi sani da Ɗan Ja. Ya cika ranar Asabar bayan la'asar, a bayan rumfar kallon, ana tsakiyar bugun fanareti a wasan ƙarshe na Kofin Ƙasa tsakanin Giwayen Arewa da Zakarun Teku.

Marigayin ɗan ƙarami ne, da hannu guda ake ɗaukarsa, amma bai taɓa raina aiki ba. In an ja igiyarsa sai ya ce "tuf, tuf" kamar dattijo mai gyaran murya, sannan ya saki "tatatata" har a tashi. Ya cika wayoyin rabin gari da caji. Ya haska bikin Japheth da Mercy ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Abincinsa fetur ne, a ɗiga masa baƙin mai a ciki, shi ke nan. Bai taɓa neman ƙari ba.

Ciwon ajalinsa ya samo asali ne ranar kasuwa. Habibullahi ya bi ayarin motocin da ake rakawa ta daji zuwa Birnin Gwari, takanas don sayo baƙin man. Ya dawo da rigar Giwaye, da usur, da tuta. Bai tuna abin da ya kai shi ba sai ranar wasa, bayan rumfa ta cika maƙil. Manoma sun baro gona da wuri, Malam Moses ya zo da kujerarsa daga makaranta, har surukin mai rumfa, Malam Hamza, wanda bai san gola daga alƙalin wasa ba, ya zo don ya ji an ce 'yan Arewa za su ɗauko kofi.

Da Habibullahi ya buɗe baki, da 'yan acaba sun tsiyaya masa. Amma mai sabuwar riga da usur a wuya ba ya roƙo. Sai ya lallaɓa ɗakin matarsa Huraira, ya zaro kwalbar man gyaɗan da ta matse na sayarwa. A ransa ya ce mai ai mai ne.

Marigayin ya karɓa bai yi musu ba, don ladabi. Kafin hutun rabin lokaci ƙamshin suya ya gauraye rumfa, mutane suna ta waige suna neman mai ƙosai. Da aka dawo ya soma tari. Ya daure aka tashi ɗaya da ɗaya. Ya daure aka shiga fanareti, golan Giwaye ya tare ɗaya, rumfa ta kusa tashi sama. Saura bugu guda, in ya shiga kofi ya zo Arewa. Ɗan wasa ya ajiye ƙwallo, ya ja da baya, ya taho da gudu. Ɗan Ja ya ce "tuf, tuf, fiii." Talabijin ta yi baƙi ƙirin.

Habibullahi ya ja igiya har ta tsinke a hannunsa. Jethro makaniki ya buɗe tanki, ya shinshina, ya lasa, ya tambayi jama'a ko janareta aka kira shi dubawa ko kaskon ƙuli-ƙuli. A nan ne bakin Habibullahi ya riga hankalinsa. A gaban gari, a gaban surukinsa, ya ce Huraira ce ta musanya masa kwalabe.

Huraira ta ji daga cikin gida. Ta leƙo da mayafinta, ta gaida mahaifinta, ta ce tun da take ba ta taɓa ganin man gyaɗa ya fito daga ƙarƙashin gado da ƙafarsa ba. Malam Hamza ya miƙe, ya ce ƙaryar da aka yi a bainar jama'a, a bainar jama'a ake janye ta. Ya ɗauki sandarsa, ta bi bayansa. Har yau ba ta dawo ba.

An ce Giwaye ne suka ɗauki kofin. An ce. A Dogon Dawa babu wanda ya gani.

Marigayin ya bar talabijin, da fanka mai wuyan da ba ya juyawa, da guntuwar igiya, da mai gidansa da ke jiƙa garin rogo safe da yamma. Mai gidan yana shaida wa kowa cewa hannun Huraira bai taɓa Ɗan Ja ba, man gyaɗanta kuma lafiyayye ne, cikin da aka zuba shi ne ba nasa ba.

Za a ɗauki gawar a baro ranar Laraba da hantsi, daga rumfa zuwa shagon Jethro, inda za a kwance ta a raba sassanta ga mabuƙata. Ana sanar da masu rakiya cewa za a bi doguwar hanya, ta ƙofar gidan Malam Hamza. A can Habibullahi zai ajiye baro, ya cire takalmi, ya durƙusa, ya faɗi gaskiya da ƙarfi yadda na cikin gida za su ji. In an ce masa ya shigo, jana'iza za ta wuce. In ba a ce ba, kowa ya zo da tabarmarsa. Jethro ya ce kada a damu da gawa, ba za ta lalace ba, ta sha mai.