Jirgin da Na Kifar a Harra ta Yamma

Ko zan manta da komai na zamana a Madina, ba zan taɓa mantawa da ranar da na kifar da jirgin ruwa a ɗakin baƙi ba, a garin da ko kwalekwale babu.

Farkon shekarun tamanin ne, ina ɗalibi a jami'a, ina kuma neman auren Safiyya, 'yar Alhaji Haruna na unguwar Harra ta Yamma. Ita ta amince, mahaifiyarta ta amince, saura tsohon, wanda ya ce sai ya ga natsuwata da idonsa. Abokin karatuna Sani, mijin yayarta, shi ya shige mini gaba. Ya shaida wa surukinsa cewa ni mutum ne shiru-shiru (Allah ya yafe wa Sani wannan shaida).

A shekarar muna darasin kwatanta addinai, malaminmu kuma, wani Bamisire, ya ɗan ɗanɗana mana Girkancin da aka rubuta littafin Nasara da shi. Abin da na riƙe bai taka kara ya karya ba, amma kalma ɗaya ta shige mini rai: ploion, wato jirgin ruwa. Ni da aka haifa a Katsina, wanda babban ruwan da na sani shi ne kududdufin bayan gidanmu, jirgin sama kuma ya sauke ni a Jidda, sai na wayi gari masanin jiragen ruwa. Duk wanda tsautsayi ya zaunar kusa da ni a ɗakin cin abinci, sai ya sha ploion har ya ƙoshi.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci muka nufi gidan. A bakin ƙofa Sani ya riƙo hannuna ya ce, "Don Allah, in an tambaye ka ka amsa, ka ja bakinka. Kada in ji Girkanci." Na ce haba, sai ka ce yaro.

Aka shimfiɗa sufura, wato shimfiɗar cin abinci, aka dire wani makeken tire na saliƙ, shinkafar nan ta mutanen Hijaz mai laushi da ake dafawa da madara da romo, ga kaji a kai, ga man shanu yana ƙyalli. Al'adar gidan, maza su ci abin da ke gabansu, sannan a mayar da tiren ciki mata su ci nasu. Sani ya raɗa mini cewa Safiyya ce ta dafa, tun safe take tsaye a kansa.

Da farko na yi ƙoƙari, wallahi. Alhaji yana ba mu labarin yadda ya ƙetaro Bahar Maliya daga Sawakin a cikin sambuk, jirgin katako mai filafilai, tun yana saurayi, ni kuwa sai gyaɗa kai nake yi kamar mutumin kirki. Can sai ya juyo gare ni.

"Ya waladi, ɗana, an ce har littafin Nasara kuke dubawa. Hawariyawan Annabi Isa masunta ne, ko? Nasu jirgin irin sambuk ne, ko kuwa babba ne?"

Sani ya mintsine ni a cinya. Ina! Bakina ya riga ya buɗe.

"Baba, ai abin mamakin ke nan," in ji ni. "Kalmar ploion ce, daga aikatau mai nufin tafiya a kan ruwa. Ba ta ware babba da ƙarami ba. Jirgin masunta a tafki ploion ne, ƙaton jirgin da ke dakon alkama daga Iskandariyya shi ma ploion ne. In ana son a ƙanƙanta shi sai a ce ploiarion."

Da na tsaya a nan, da na fita da mutuncina. Amma na ga tsoho ya ce "Ajib!" sai kaina ya fasu. Na ɗaga finjalin gahawa na ce wannan shi ne ploiarion. Sannan na dubi tire na ce wannan kuma ploion ne. Na ce a littafin akwai inda guguwa ta taso wa Hawariyawan a tsakiyar tafki, igiyar ruwa tana ɗaga jirgin kamar haka. Na kama bakin tiren da hannu biyu, na ɗaga.

Wanda ya san saliƙ ya san ba ya jiran a roƙe shi. Kaza ce ta fara sauka, shinkafa ta bi bayanta, man shanu ya rufe musu baya, duk a kan farar rigar Juma'ar Alhaji Haruna. Ni kuma ina durƙushe, riƙe da tire wayam, kamar mai jiran a zuba mini ƙari.

Daga bayan labule Hajiya, mahaifiyar Safiyya, ta ɗaga murya, "Ya Satir! Alhaji, me ya faɗi?"

Tsoho ya dubi cinyarsa, ya cire ƙafar kaza ya ajiye gefe, ya ce, "Ba komai, Hajiya. Jirgi ne ya kife da mu." Ya juyo gare ni. "Ɗana, na ƙetare Bahar Maliya ko gefen rigata bai jiƙe ba. Sai yau, a ɗakina."

Na ji wata dariya da aka toshe da mayafi, na kuma san mai ita. Rigar ba ta dame ni kamar abincin ba. Ranar matan gidan gurasa da wake suka ci, har da wadda ta wuni a gaban murhu. Na so ƙasa ta tsage in shige. Na fito na tabbata Safiyya ta fi ƙarfina.

Bayan 'yan kwanaki Alhaji ya aiko in zo. Na je ina jan ƙafa. Ya ce, "Natsuwa dai ban gan ta ba. Amma wanda kalma guda ke ruɗawa haka, ba zai iya ɓoye mugunta a cikinsa ba. Halas, shi ke nan, na ba ka ita. Sharaɗina ɗaya: hannunka a cikin tire, ba a bakin tire ba."

Darasin da na ɗauka, in an tambaye ka abin da ka sani, ka amsa da baki, ka bar hannuwa su huta. Safiyya dai ba ta gamsu cewa na ɗauka ba. Har yau in ta dafa saliƙ, kowa a tire yake ci, ni kaɗai ake zuba wa a ƙaramin kwano. Takan dire shi a gabana ta ce, "Malam, ga ploiarion ɗinka. In ya kife, kai kaɗai ya kife da."