Yadda Za Ka Mai da Motar Kifin Babanka Motar Tsere Cikin Shekara Goma Sha Ɗaya Kacal

Kai mai tsohuwar mota a bayan gidanka, wadda kaji suka riga suka raba ɗakuna a cikinta, matso kusa. Idan ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, na ba ka tabbaci za ka fitar da mota mai ƙaton inji, mai rurin da zai sa karnukan unguwarmu ta Mitchells Plain su haɗiye haushinsu, kuma duk a lokacin hutunka. Hanyar nan ba ta taɓa ba da kunya ba. Gaskiya mutum ɗaya ne ya taɓa bin ta, mijin yayata, Boeta Gasant mai shimfiɗa tayil a gidaje (Boeta laƙabin girmamawa ne a wurinmu, kamar a ce Yaya), amma ni na shaida komai daga kan kujerar roba, da kofin shayi a hannu. Ban taɓa riƙe sifana ba, shi ya sa ilimina bai gurɓata ba.

Mataki na 1: Ka samo motar da babu mai so

Kada ka saya, ka gada. Motar gado ta fi, domin duk wanda ya ce a kai ta wurin 'yan gwangwan, sai ka tuna masa da mamacin, ya ja bakinsa ya yi shiru.

Ta Gasant akori-kura ce, Chev ƙirar 1955. Marigayi mahaifinsa, Boeta Salie, ya yi shekara talatin yana tallar kifin snoek da ita, yana busa ƙahon gwangwani lungu-lungu, matan gida suna fitowa da kwanuka. Iskar teku ta ci ƙasanta har kana zaune ciki kana ganin ciyawa tsakanin ƙafafunka. Ƙarni kuwa, a nan kuliyoyin unguwa suke taronsu na mako.

Ranar da ya jawo ta gida, yayata Galiema ta tsaya a bakin ƙofa, hannu a ƙugu.

"Gasant, mene ne wannan?"

"Motar tsere ce."

"Da wa za ta yi tseren? Da bishiyar lemo?"

"Ke dai ba ki da ido. Ki ba ni wata shida kawai."

Ka haddace wannan jumla: wata shida kawai. Za ka buƙace ta sau ashirin da biyu.

Mataki na 2: Ka yi alkawari ga wanda ba ya mantuwa

Aiki ba ya tafiya sai da wa'adi. Amma kada ka yi wa matarka alkawari, ta riga ta san ka. Ka yi wa yarinya 'yar shekara bakwai.

Ka san yadda muke da bikin gama sakandare. Yarinya ta sa doguwar riga, a shimfiɗa jan kafet a ƙofar gida, duk layi ya fito kallo, kuma abin da za a shekara ana magana a kai shi ne motar da ta ɗauke ta zuwa zauren biki. Wata yamma Faldela, 'yarsa tilo, ta ga an ɗauki 'yar maƙwabta a wata doguwar farar mota, ta sheƙo da gudu ta same shi a wurin motarsa.

"Baba, ni ma da irin waccan za a kai ni?"

"Waccan? Motar haya ce. Ke da wannan zan kai ki, ni da kaina."

Ta dubi motar. Wata kaza ta leƙo ta taga ta dube ta.

"Ka yi alkawari?"

"Na yi alkawari."

Ba ta ƙara tada maganar ba, kuma irin wannan shi ne mafi muni. Duk ranar da shekararta ta zagayo sai ta ɗan kalli inda motar take, ta kalle shi, ta ci gaba da cin kek ɗinta. Gasant ya fi tsoron kallon nan a kan duk faɗan Galiema.

Mataki na 3: Ka kwance komai

Kwancewa ita ce ɓangaren da ya fi sauri, don haka ka ji daɗinta sosai. Asabar da Lahadi sun isa. Ka zuba notuna a robobin man shafa wa burodi, kuma kada ka rubuta komai a jikinsu, ai kai za ka tuna. Idan matarka ta buɗe roba tana neman ragowar shinkafa ta tarar da notunan birki, ka gaya mata ƙarfe yana da amfani a jiki.

Daga nan ka ɗora motar a kan bulo ka bar ta ta huta shekara huɗu. Masana suna kiran wannan nazari. A cikin shekarun nan Faldela ta mai da gaban motar ɗakin karatunta. In ta gama aikin makaranta sai ta kama sitiyari, ta taka kuloci, ta sa giya, tana yin kukan inji da baki.

Mataki na 4: Ka zama mutumin kirki a unguwa

Mai gina motar tsere yana buƙatar maƙwabta masu haƙuri, don haka ka yi musu wani abin alheri tun da wuri. Lokacin da samari suka mai da layinmu filin gudu, Gasant ne ya bi gida-gida da takarda yana karɓar sa hannu, har hukumar gari ta zo ta yi mana tudun rage gudu guda shida tsakanin ƙofar gidansa da babban titi. Shi ya tsaya a kan ma'aikatan yana cewa su ƙara musu tsayi.

"Akwai yara a layin nan," in ji shi. "Duk mai son gudu ya tafi filin tsere."

Aka yi ta sa masa albarka. Ka ajiye wannan a ranka, za mu dawo kansa.

Mataki na 5: Ka tara mashawarta

Ka samo inji mai silinda takwas daga wurin 'yan gwangwan, wanda ya fi ƙarfin motar nesa ba kusa ba. Sai ka buɗe bonet kowace safiyar Lahadi, maza za su taru da kansu. Babban mashawarcinmu Oom Daniels ne, wato Baffa Daniels, maƙwabci, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, wanda maganinsa ga kowace matsala shi ne a buga da guduma.

Shawara ba ta shiga sai da koesister, mai zafi, wanda aka tsoma a ruwan sukari aka birkita a kwakwa. Gasant yakan ci shida kafin ya taɓa sifana, ya ci biyu bayan ya ajiye ta. Ka yi haka shekara bakwai ba fashi. Inji zai zauna daram a mazauninsa, kai ma za ka cika naka mazaunin har ka yi saura.

Wani abu kuma da ya kamata ka sani game da lokacin hutu: guda ɗaya ne, in ka ba mota, ba ka ba kowa ba. Da Faldela ta isa koyon tuƙi ta zo ta same shi a ƙarƙashin mota, ta tsaya a gefen ƙafafunsa, su kaɗai ne a waje.

"Baba, Asabar za ka fara koya mini?"

"Bari in gama da kafireta, 'yata."

Asabar biyar kafireta ba ta gyaru ba. Galiema ce ta koya mata da ƙaramar motarta a filin ajiye motoci na kasuwa, har ta ci lasin. Ranar da ta kawo takardar ta nuna masa, Gasant ya ji kunya ƙwarai, ya ce Allah ya sa albarka, ya koma ƙarƙashin mota ya daɗe bai fito ba.

Mataki na 6: Ka sauke ta ƙasa

A wurinmu motar da ba ta shafar ƙasa ba mota ba ce, keken shanu ce. Ka yanke sifirin ƙafafunta, ka sauke ta har kyanwa ta kasa shiga ƙarƙashi. Amma ka auna. Gasant mai tayil ne, mutum ne da ba ya rataya kalanda sai ya sa ma'auni. Ya fita da igiya da katako ya auna tudun nan shida, ya dawo ya auna cikin motar, ya sanar da mu cewa tsakanin ƙasanta da ƙoƙon tudu akwai kaurin kwalin ashana ɗaya, a kwance.

"Ashana ɗaya ta isa?" in ji Galiema.

"Ke kin taɓa ganin tayil ɗina ya karkace?"

Ya fesa mata jan fenti, ya zana harshen wuta a gefe, ya haɗa ƙahon babansa da famfon iska ya zama shi ne hon. An ɗaure noti na ƙarshe da hantsin ranar biki. Kada ka gwada ta a titi kafin ranar. Gwaji na masu shakka ne, kuma maƙwabta za su gani.

Mataki na 7: Ka cika alkawari

Bayan la'asar layi ya cika. Faldela ta fito a koriyar riga mai jan ƙasa, Gasant yana cikin kwat ɗin aurensa wadda maɓallinta ya daɗe da sallamawa. Ya buɗe mata ƙofa, ya zagaya ya shiga, ya murɗa makulli. Tagogi suka girgiza, wani jariri ya fashe da kuka, Oom Daniels ya cire hularsa. Shekara goma sha ɗaya ke nan.

Suka yi tafiyar gida uku suka iso tudu na farko. Ya shige shi a gicciye, yadda ake yi. Sai aka ji ƙarar ƙarfe a kan kwalta, doguwa, mai sa haƙori tsami. Motar ta zauna a kan tudun ta ƙi gaba ta ƙi baya.

Oom Daniels ya durƙusa da ƙyar ya leƙa.

"Boeta, da ka yi awon nan, wa ke cikin motar?"

"Babu kowa."

"To."

Galiema, wadda ba ta taɓa yarda da ashana ba, ta riga ta sa na wanke farar motata na ɓoye ta a kwana. Ta yi mini alama da ido. Gasant ya gani. Ya kashe inji, ya buɗe ƙofa, ya fito, motar ta yi ajiyar zuciya ta ɗan ɗaga. Ya leƙa ta taga, gumi yana bin wuyansa.

"Faldela, sauko ki shiga ta kawunki. Kada ki makara saboda ni. Na gaza, 'yata, ki yi haƙuri."

Ban taɓa jin mutumin nan ya ce ya gaza ba, ko a wasan kati.

"Baba, da ka fita ta tashi."

"Me?"

"Ta tashi. Riƙe mini."

Ta miƙo masa takalmanta masu tsini, ta tattare riga, ta matsa mazaunin direba.

"Ba ki san giyarta ba."

"Shekara huɗu ina sa giyar nan tana kan bulo. Kai dai tsaya a gaba ka nuna mini hanya."

Ta tada inji. Motar ta sulale ta sauka daga tudun ko gogarsa ba ta yi ba, kaurin ashana ɗaya daidai, domin awon Gasant bai taɓa kuskure ba. Haka aka bi sauran biyar: shi yana tafiya da baya-baya a gaban motar, takalmi ɗaya a kowane hannu, yana nuna dama da hagu da tsininsu, duk layi yana biye. Da suka kai babban titi ta tsaya ta matsa gefe.

"Shigo. Daga nan kai ne."

Ya tuƙa ta har zauren biki, takalman suna kan cinyarsa, mu muna biye a farar motata. A ƙofar harabar kuwa, ga tudu na bakwai, wanda ba shi ya nema ba. Ya tsaya ya kalle shi. Ya buɗe ƙofa, ya fito da kansa. Faldela ta shige da motar gaban ɗaruruwan mutane, ta danna hon. Ƙahon ya yi kuka irin na da, wata tsohuwa a cikin 'yan kallo ta waiwaya ta ce, "Wannan ai ƙahon Boeta Salie ne."

Gasant ya tsaya a bakin get shi kaɗai, ya ma manta da abin da ke hannunsa. Sai ga Faldela ta dawo a ƙafa, ba takalmi, tana tattare da riga a kan kwalta. Ta dafa kafaɗarsa ta sa ɗaya, ta sa ɗayan, sannan ta saƙala hannunta a nasa.

"Ka ce kai za ka kai ni. Ba mu iso ƙofa ba tukuna."

Ya kai ta har bakin ƙofa. Da ya dawo ya ce mana hayaƙin salansa ne ya shigar masa ido.

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba shi da hannu a duk abin da zai same ka: tsatsa, ƙarni, ɓatan notuna, shirun matarka, ko wandon da ya daina shiga. Bai ce ka gaji mota ba, bai ce ka nemi tudu ba, koesister kuma kai ka kai bakinka. Idan ka ga wani ƙato yana sassarfa a layinmu kowace safiya yana gunaguni, kada ka tsayar da shi, Gasant ne. Makulli yana hannun Faldela, ta ce za ta ba shi ranar da shi da motar za su haye tudu tare. Ya ce a ba shi wata shida kawai.