Kabewata da Tsakar Rana

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na kai ƙarar Maman Ladi saboda ganyen kabewa ba. Shekarar da sojoji suka koma bariki ce, muna haya a unguwar Kamazou, na shuka kabewa a bayan ɗaki ina ji da ita kamar gonar gado. Da sassafe nake fita ofis, sai magariba na dawo, Asabar a kasuwa, Lahadi kuma a coci nake wuni. Wato ban taɓa ganin kabewar nan da tsakar rana ba.

Ranar muna yajin aiki, ruwa ya ɗauke kwana biyu, rana kamar za ta dafa mutum. Da tsakar rana na zagaya baya in duba kabewar. Ganye duk ya kwanta lagwaf, kamar an yi masa wanka da tafasasshen ruwa! Nan take na san mai laifi, don ranar da ta wuce mun yi cacar baki da maƙwabciyata Maman Ladi kan igiyar shanya. (Matar da ke riƙe min ɗa in na tafi aiki fa, kyauta.)

Na tara mutanen gida, na ce ta zuba wa shukata ruwan zafi. Ta rantse har da hawaye, na ce ai kuka ba shaida ba ne. Ban tsaya nan ba, na tafi takanas na kira mai unguwa, ya ce sai rana ta yi sanyi.

Da yamma ya iso, na shige gaba, jama'a na biye. Muka zagaya. Jama'a, ga ganye nan a miƙe, kore shar, har iska na kaɗa shi! Mai unguwa ya dubi kabewa, ya dube ni, ya ce, "Madam, ina gawar?"

Ashe haka take yi in zafi ya matsa mata: ta saki ganye, da yamma ta farfaɗo. Kowa a gidan ya sani, amma ina na bar wani ya yi magana?

Na durƙusa gaban Maman Ladi na ba ta haƙuri. Ta ce ta yafe, amma in nemi mai riƙe min yaro. Tun daga nan, in na ga abu ya kwanta, sai na jira yamma kafin in buɗe bakina.