Ranar da Na Kushe Makarantar Luba

Ba zan taɓa mantawa ba da tafiyar da na yi daga ofishin wata shugabar makaranta zuwa bakin get. Wuri ne da tsoho mai sanda zai cinye kafin ya gama salati, amma ni wallahi ji na yi kamar daga Goronyo na tako har Sakkwato a ƙasa.

Ni ɗan kasuwar albasa ne, tun ina riƙe wa babana bakin buhu. Mu kuwa a sana'armu, in kaya sun yi maka, kada ka kuskura fuskarka ta nuna. Ka ɗauki albasa jajir mai sheƙi, ka jujjuya ta, ka yatsine, ka ce ta sha ruwa da yawa, ba ta ajiyuwa. In mai kaya ya ƙi saukowa, ka kaɗe riga ka kama hanya. Ba ka yin nisa zai ƙwala kira: "Alhaji, dawo mana!" (Abin ya bi mani jini. Ko goron biki anka miƙo mani sai na ce ya yi yaushi kafin in jefa baki.)

To, ɗiyata ta fari, Luba, ta gama ƙaramar sakandare, ta ce ita likita za ta zama. A gida kuwa, tsakanin wanke-wanke da ɗawainiyar ƙanne, littafi ba ya samun wurin zama. Munka yanke shawara da uwarta a kai ta makarantar kwana. Na yi yawo kamar mai neman ɓataccen rago. Wata makarantar katangarta ko akuya mai ciki tana tsallakewa, kuma a zamanin ga wa zai bar ɗiyarshi a nan? Wata kuma ruwa sai an bi layi da jarka.

Daga baya Luba ta ci jarabawar wata makarantar 'yan mata mai zaman kanta a gefen Wurno. Anka ce gurbi ɗaya ya rage, mu zo mu gani, in ta yi muna. Da za mu fita uwarta ta biyo ni har zaure: "Baban Luba, don Allah ka bar kasuwa a kasuwa." Na ce, "Ke mi kin sani? In sun ga muna rawar jiki, raina mu za su yi."

Muna shiga na ga wani Bafillace zaune a gindin darbejiya da tashi ɗiyar, su ne masu jiran gurbin in mun ƙi. Shugabar makarantar, wata Hajiya mai tabarau, da kanta ta zagaya da mu. Katanga doguwa, masu gadi, famfo na zuba, ɗakunan kwana tsaf. Luba ta ga ɗakin gwaje-gwaje ta tsaya cak, baki buɗe. Zuciyata ta ce, wagga ita ce. Ai kuwa nan take fuskata ta yatsine da kanta.

Na danna gado na ce ko kyanwa ta hau shi sai ya yi kuka. Na sha ruwan famfo har na ƙoshi, sannan na ce da ɗan gishiri-gishiri. A kicin anka zubo mani shinkafa da wake in ɗanɗana, na suɗe kwanon tas, na ce mai bai ji ba. Luba sai jan rigata take, ni kuma ina ƙyafta mata ido, wai ta bari ta ga aiki.

Da munka koma ofis Hajiya ta ce, "To Alhaji, mi ka gani?"

Na gyara hula. "Gaskiya Hajiya, ba ta yi mani ba. An gaya mani wata da ta fi ta. Luba, tashi mu tahi."

Ko gira ba ta ɗaga ba. Ta ce, "Allah shi zaɓa abin da ya fi alheri. Ba mu riƙe ɗiyar mutum inda hankalinshi bai kwanta ba." Ta aika a kira mai jiran nan.

Na fito ina taku ɗai-ɗai, kunnena duk yana baya. Shiru. Na tsaya gyaran takalmin da ba abin da ya same shi. Shiru. Na ciro waya na amsa kiran da ba wanda ya yi. A bakin get na kama mai gadi da gaisuwa, na tambayi iyalinshi, gonarshi, har da lafiyar kakarshi (bawan Allah ya ce ta rasu tun yana yaro).

Sai na ji muryar Luba: "Baba, mi kake jira?"

"Yi shiru, yanzu za su kira mu."

"Baba, makaranta ta, ba albasa ba."

Na waiwaya, hawaye sun wanke mata fuska. Jama'a, rabona da gudu tun ina saurayi, amma ranar na tattare babbar riga na sheƙa. Hula ta faɗi, ban ko kalle ta ba. 'Yan mata suna leƙe ta taga, malamai sun fito ƙofa, ni ko na faɗa ofis ba sallama ina haki.

"Hajiya, ƙarya nike! Wallahi makarantar ga ta fi gidana!"

Ta kalle ni ta saman tabarau. "Gishirin ruwan fa?"

"Zuma na, ranki shi daɗe."

"Gadon?"

"In kun yarda ni ma in kwana."

Bafillacen nan, wanda daga baya na ji Malam Jaɓɓo sunanshi, mai shanu daga wajen Rabah, dariya yake har da riƙe sanda. Ya ce, "Hajiya, ba na gaya maki ba? Tahiyar ga na san ta, kullum 'yan kasuwa na yi mani ita a kara, kasuwar shanu. Mai tahiyar gaskiya ba ya gyaran takalmi." Ashe da anka miƙa mashi gurbin, cewa ya yi shi ba ya ciniki kan cinikin wani, sai ya ga na fita get tukuna. Da ya ce "na karɓa", da shi ke nan, na koma gida in yi wa uwar Luba bayani, wanda har yau ban san ta inda zan fara ba.

Hajiya ta ce za ta ɗauki Luba don Luba, ba don ni ba. Na ce ko don mai gadi ne na gode. Kuma Allah da ikonsa, wata yarinya ba ta zo ba da anka buɗe makaranta, ɗiyar Malam Jaɓɓo ta samu gado. Yanzu aji ɗaya suke, ba a raba su. Duk ranar ziyara ina kai mashi buhun albasa mai kyau tun daga sama har ƙasa, shi ko sai ya juya ɗaya ya yatsine ya ce ta sha ruwa.

Har gobe ina kushe kaya a kasuwa, da shi nake ci. Amma abin da ɗiyata ke so, yanzu tun ina zaune nake cewa ya yi mani, don ba kowa ke da Malam Jaɓɓo a gindin darbejiya ba, kuma gwiwoyina ba su iya wani gudun.