Yadda Za Ka Zauna a Cikin Yanzu Ko da Ka Sare Ɗorawar Yayarka

Ka ba ni kwana bakwai kacal, ni kuma in raba ka da jiya da gobe gaba ɗaya. Babu layar da za ka ɗaura, babu jiƙon da za ka sha. Ilimi ne na zama a cikin lokacin da kake ciki, wanda na tsinci rabinsa a wani shirin rediyo kafin batir ya mutu, ɗaya rabin kuma na ƙarasa da kaina a bakin gona, cikin shekara huɗu na tagumi. Duk wanda ya bi matakan nan daki-daki zai ci tuwo ya ƙoshi, ya yi barci har da minshari, ko me ya aikata. Na gwada su a kan mutum ɗaya, Dalhatu na Sukuntuni, sun kuma yi aiki har kwana shida da rabi. Ragowar rabin kwanan ba laifina ba ne, za ka gani.

Mataki na 1: Ka tanadi jiya mai nauyi

Wanda bai yi wa kowa komai ba ba ya bukatar wannan ilimi, ya je ya yi sharar gona. Sai kana da abin gudu sannan za ka san daɗin yanzu.

Dubi Dalhatu. Da aka raba gadon iyayensu, gonar bayan gari ta faɗo hannunsa, ɗorawar da ke tsakiyar gonar kuma aka bar wa yayarsa Rabi, wadda kowa ke kira Adda. Haka ake yi a wajenmu, ƙasa ta wani, itace na wani. Shekara ashirin Adda na zuwa duk bazara da doguwar gorarta, ta kaɗe 'ya'yan, ta raba wa yaran unguwa garin ɗorawar, ta dafa kalwar ta yi daddawar da ake jin labarinta da hanci tun daga ƙofar masallaci. Shekara ashirin kuma Dalhatu na kallon geron da ke ƙarƙashin inuwar yana tsayawa iya gwiwa.

Bara, farkon damina, Adda ta tafi Tafashiya wankan jegon 'yarta. Dalhatu ya kirawo mai injin yankan itace. Da ta dawo ya ce iskar hadari ce ta kayar. Adda ta je ta dubi kututturen, samansa sumul kamar teburin mai shayi, ta ce, "Allah mai iko," ta koma gida. Ba ta sake ta da maganar ba.

Bana ɗanta ya samo mata kujerar Makka, ranar Alhamis motar maniyyata za ta ɗauke ta a Kankia. Ka kuma san al'ada: mai tafiya Hajji sai ya bi dangi gida-gida yana neman gafara. Wato Adda na nan tafe, ita da aka cuta, ta roƙi Dalhatu ya yafe mata. Shi kuma ya buɗe bakinsa da ya yi ƙaryar iska da shi, ya ce, "Na yafe." In taka jiyar ta kai wannan nauyi, bismilla.

Mataki na 2: Ka yi numfashi kamar yau ka fara

Zauna. Ja iska ta hanci, ka bi ta da hankali har ciki, ka rako ta waje. Duk tunanin da ya zo, ka gaishe shi kamar baƙon da ya ɓata hanya, ka nuna masa ƙofa.

Abu ɗaya kawai: kada ka kira ta iska. Dalhatu ya yi wannan kuskure ran farko, kalmar ta kai shi har gindin ɗorawa, sai da na je na dawo da shi. Ka ce numfashi.

Mataki na 3: Kowace tambaya, amsarta yanzu

Mutane za su yi ta jawo ka baya ko su tura ka gaba, musamman waɗanda ke dafa maka abinci. Kada ka yi musu. Ka dai faɗi abin da idonka ke gani a lokacin.

Ran Asabar matarsa Hawwa'u ta same shi a zaure ta ce, "Malam, Adda ta aiko. Ta ce tana nan zuwa sallama kafin Alhamis."

Ya ce, "Hawwa'u, dubi ƙadangaren can. Yanzu haka yana gyaɗa kai."

"Na gan shi. Wace rana zan ce mata ta zo?"

"Rana ai ɗaya ce, ga ta nan a sama."

Hawwa'u ta riƙe haɓa ta ce, "Halan zafin nan ya fara taɓa ka? To ni dai in ta zo ba ni da bakin ƙarya. Rassan nan da nake girki da su tun bara, hayaƙinsu ya ishe ni haka."

Lura da yadda ta haɗa masa bara da Alhamis a numfashi ɗaya. Mata gwanaye ne a nan. Dalhatu bai girgiza ba, ya ci gaba da kallon ƙadangare har ƙadangaren ya ji kunya ya bar wurin. A ranar na ba shi maki tara cikin goma.

Mataki na 4: Ka ci abinci da natsuwa, amma ba kowace miya ba

Masana sun ce ka tauna kowace loma a hankali, ka ji ɗanɗanonta. Gaskiya ne, sai dai masanan ba su san daddawa ba. Harshe ya fi kowace gaɓa riƙo. Ido ya ga abu ya manta, kunne ya ji ya manta, harshe kuwa in ya saba da hannun mutum ɗaya, ko bayan shekara talatin sai ya tambaye ka ina yake.

Tun da aka sare ɗorawar, daddawar kasuwa ake sawa a gidan Dalhatu. Ran Lahadi ya kai loma ta farko baki da natsuwa, kamar yadda na koya masa, ya tauna sau goma, sai ya ji kansa yana cewa, "Miyar nan wani abu ya rage."

Hawwa'u ta ce, "Ƙwarai kuwa. Iska ta tafi da shi."

Don haka a makon gwaji ka tsaya ga fura. Fura ba ta da tsegumi.

Mataki na 5: Kada yanzu ta same ka a wuri ɗaya

Wannan shi ne sirrin da rediyo bai kai ga faɗa ba. Yanzu tana ko'ina. Wadda ke zaurenka ba ta fi ta Kusada ba, ta Kusada kuma tana da wata falala: yayarka ba ta can.

Ran Litinin Adda ta zo gidan da hantsi, aka ce mata ya tafi garin Ƙofa gaisuwar mutuwa. Bai san mamacin ba, amma ya zauna cikin masu karɓar gaisuwa da irin natsuwar da ta sa wani dattijo ya tambayi ko shi ne babban ɗan. Ran Talata ta zo bayan la'asar, aka ce ya tafi Kusada duba wani bijimi. Ba shi da niyyar saye, amma ya dubi bijimin nan da dukkan zuciyarsa, tun daga ƙaho har kofato, har Bafulatanin da ke riƙe da igiyar ya ce, "Malam, in aurensa za ka yi ka faɗa mani."

A hanyar dawowa ya tsaya teburin Jaji mai shayi, abokinsa tun na ƙuruciya. Jaji ya ɗaga kofi sama yana shiƙa shayi ya ce, "A'a, ga Sarkin Yanzu! An ce tsohuwa na bin sawunka da carbi kamar mai neman ɓataccen rago."

"Ni ban gudu ba, Jaji. Duk inda nake, nan nake."

"Haka ɓarawon akuya ya faɗa da aka ishe shi cikin rumbu. Kai, mace ta girme ka da shekara tara, ta goye ka a bayanta, ka bar ta tana yawo cikin ranar ga? Suga nawa?"

Ka ga irin abokan da za ka guje wa. Shayinsu da zaƙi, maganarsu duk tarihi.

Mataki na 6: In tunani ya fi ƙarfinka, ba shi ƙashi ya gwagwiya

Wani lokaci numfashi ba ya isa. To kada ka bar zuciya ta tambaye ka "Me na yi?" Ba ta wata tambayar da ta fi tsawo.

Ga wadda na ba Dalhatu, ni ma ta hana ni barcin rana sau da yawa. Gona tasa ce, ɗorawa ta Adda ce. To inuwar ta wa? In ta Adda ce, shekara ashirin tana shimfiɗa kayanta a gonar ƙanenta ba izini. In ta Dalhatu ce, ai mutum na da ikon ɗauke abinsa, sai dai ba a ɗauke inuwa a bar itace. In kuwa ta rana ce, sai a kai rana gaban mai gari. Dalhatu ya ji daɗin wannan ƙwarai, ya yi wuni guda yana juya ta.

Sai dai in yi maka gargaɗi. Tambayar tana da rami a ƙarshenta. Ko inuwar ta wa ce, ƙaryar iskar dai an san mai ita. In ka hango ka kusa nan, koma kan ƙadangare.

Mataki na 7: Ranar ƙarshe, zaɓi wurin da ba za a neme ka ba

Ran Laraba ta rage. Dalhatu ya yi lissafi mai kyau: wuri ɗaya ne a duniya da Adda ba ta taka ba tun bara. Da hantsi ya tafi gonar, ya hau kututturen ɗorawar ya harɗe, ya rufe ido. Ba inuwa, ka san dalili. Rana ta yi ta gasa masa ƙeya, yana ja yana saki.

Bai ji tafiyarta ba. Muryar kawai ya ji.

"Auta."

Mutum mai furfura a gemu, ba wanda ya rage da ke kiransa haka sai ita. Ya buɗe ido. Adda na tsaye da sabon hijabi na tafiya, takalmanta sun yi futu-futu, tana haki. Ta zauna a ƙasa gefen kututturen, ta miƙe ƙafafu.

Ta ce, "Gobe zan tafi inda ba kowa ke dawowa ba. Na bi kowa, kai kaɗai ka rage. Abin da na yi maka, wanda na sani da wanda ban sani ba, ka yafe mani."

Ga abin da ya kamata ya yi, ka rubuta: ya ja numfashi, ya ce "Na yafe, Allah ya kai lafiya," ya saki numfashi. Kalma shida. Amma Dalhatu ya yi kwana shida yana koyon kallon abin da ke gabansa, har hannunsa ya faɗa. Sai ya kalle ta da gaske. Ya ga jijiyoyin bayan hannunta, ya ga tabon da gora ta bar mata a tafi, ya ga yadda take zaune a rana a daidai inda ta yi shekara ashirin tana zama a inuwa.

Ya ce, "Adda, ba iska ba ce."

Ta ce, "Na sani. Iskar da ta bar galan ɗin fetur a kunyar gona?"

"Ni na kira mai inji. Ki yafe mani."

"Na yafe maka tun da azumi, Auta. Ka ƙi tsayawa wuri ɗaya ne in faɗa maka."

Sai ta kwance bakin zanenta, ta zuba masa wani abu a tafin hannu. Kalwa ce, baƙa, mai sheƙi, ba ta fi cikin hannu ɗaya ba. Ta ƙarshen da itacen ya ba ta. Ba ta dafa ba.

"Ruwa ya kusa sauka. Ka jiƙa ta, ka shuka. Can gefen iyaka, kada ta taɓa maka gero."

Ya ce, "Adda, ɗorawa fa sai ta yi kusan shekara goma kafin ta yi 'ya'ya. Wa ya san inda muke a lokacin?"

Ta dafa kafaɗarsa ta miƙe, ta kakkaɓe hijabinta. "An ce mani kai ne Sarkin Yanzu. To yanzu ake shuka ta. Ka tashi daga ranar nan, kuma ban ji ka ce ka yafe mani ba."

Ya faɗa. Da ƙyar aka ji, amma ya faɗa.

Kariya

Marubucin wannan jagora ba ya ɗaukar alhakin abin da ya samu Dalhatu. An gaya masa ya kalli abin da ke gabansa, ba a ce har da yayarsa ba. A yau mutumin ya lalace sarai. Tsiro uku sun fito, bai shuka su a gefen iyaka ba, a tsakiyar gonar ya sa su, kewaye da kututturen. Ya zagaye su da ƙaya saboda awaki, kullum yana can da jarka, ba shi da zance sai na inuwar da za a sha bayan shekara goma da daddawar da aka ci shekara ashirin. Jiya da gobe sun haɗu sun yi masa rubdugu, kuma abin haushin, Hawwa'u ta ce yanzu ne ma yake minshari.

Saboda haka, duk wanda ya bi matakan nan ya wayi gari yana neman gafarar wani, ko yana ban ruwa ga itacen da ba lalle ya ci 'ya'yansa ba, kada ya zo ƙofata. Ko ya zo ma ba zai same ni ba. Na ji ƙanen babana zai tafi Umra, ya fara bin dangi, ni kuma akwai wani bijimi a Kusada da nake so in duba.